Awon da Inna Ta Zaɓa

A falo, Amarya ta ɗaura wa mijinta, direban babbar mota, na'urar awon jini a damtse. Tun da aka gano yana da hawan jini take auna shi safe da yamma. Ƙarshen mako ta haɗa lambobin ta raba, domin likita ya ce matsakaicinsu ne abin dubawa, ba awo guda ba.

Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo.

"Me na'urar ta ce yau?"

"Nomal, Inna!" in ji Direba.

"Alhamdu lillahi! To, a daina haɗiyar ƙwayoyin nan."

Amarya ta russuna. "Ki gafarce ni, Inna, yanzu ya tashi daga barci. Na sauran kwanakin duk a sama suke. Idan aka haɗa aka raba—"

"Ji min likitar bayan ƙofa! Ɗana ya warke, ke kina kwaso ciwon shekaranjiya kina zuba masa cikin lafiyar yau? Ko mutuwarsa kike ɗoki?"

A ɗaki Amarya ta riƙe hannun mijinta tana hawaye.

"Don Allah kada ka bar maganin."

"Haba, masoyiyata! In saɓa wa uwata saboda lissafi?"

Inna ta karɓe na'urar. Idan lamba ta hau, sai ta ce, "Ta rikice, a sake!" har sai ta sami wadda ta kwanta mata. Ta kuma rantse, idan Amarya ta ƙara maganar, sai gidan ubanta. Dangi ma suka taya Inna faɗa. Amarya ta haɗiye kukanta, ta ci gaba da rage gishiri tana roƙonsa a ɓoye, bai ji ba, ya daina shan maganin.

Wata safiya ya sunkuya zai sa takalmi, ya kife. Baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye.

Dangin da suka taya Inna faɗa suka ɗauke ƙafa. Amarya ce ke masa wanka, tana miƙar masa da yatsu ɗaya bayan ɗaya, har ya taka da sanda. Tuƙi kam ya ƙare har abada.

Ran nan Inna ta durƙusa gaban Amarya.

"'Yata, ki yafe mini. So na yi in ji ya warke."

"Na yafe, Inna. Tashi, don Allah."

Haƙurinta ya ba ta girma a gidan, amma bai mayar wa mijinta hannunsa ba. Ku sani, yara: mai ƙaunarka shi ne mai gaya maka gaskiyar kwanakinka duka, ba mai tsince maka mai daɗin kaɗai ba.