Layi Na Huɗu

Ranar da ya fara shiga shagon kayan sauti na babanta, mikisa, na'urar haɗa sauti, ya zo saye, amma ita ya fi kallo. Kunne ake ce masa, don ko sauro ya gifta gaban makirfo sai ya ji.

"Babbar can nake so, mai layi ashirin da huɗu."

"Makirfo nawa gare ka?"

"Shida."

Ta harare shi. "To sauran layukan shanya za ka yi a kai? Ɗauki ƙaramar nan. Tana ba jama'a sauti, tana kuma naɗar kowane makirfo daban. Amma kana jona wuta ka danna naɗi, tun kafin kowa ya ce uffan."

Ya ɗauka, ya haɗa da lambarta. Washegari saƙo ya shigo: "Injiniyata, na danna naɗi. Ni ma tun jiya muryarki nake ta maimaitawa." Ta rubuta: "Allah ya shirye ka, Kunnena." Daga nan fa soyayya ta kankama.

Wanda abin ya tsaya wa a wuya shi ne Dogo, mai ba da hayar sifika, na hannun daman Baba. Sau biyu ya nemi aurenta ta ce masa a'a, bai haƙura ba.

Wata rana da azahar Dogo ya faɗo shagon, goshi a fashe, jini har ƙirji.

"Baba, dubi aikin surukin naka! Don na ce ya daina yawo da sunan 'yarka, ya buga ni da ƙarfe."

Baba ya daki kantar shagon har gilashi ya tsage. "Ɗan daba zan ba ki? Na sake jin sunansa a bakinki, ba ni ba ke!"

Ta san Kunne, amma ga jini tana gani. Sai wayarta ta yi ƙara: "Ina asibiti. Je ki ɗakin taron da nake aiki yau. Na danna."

Da gudu ta je. Kujeru a kife, wayoyi a tsinke, jini ya bushe a kan maɓallan mikisar, amma jar fitilarta na nan a kunne. Ta rungumo ta har shago, Dogo na nan bai tafi ba, ta jona, ta ɗora wa Baba abin saurare a kai.

Layi na ɗaya, ƙarar kujeru. Na biyu da na uku, hayaniya. Na huɗu shi ne makirfon da ya faɗi kusa da inda aka yi faɗan, muryar Dogo tar:

"Ku danne min shi! Kunnen da yake taƙama da shi zan fasa, mu ga ko za ta auri kurma."

Sai kakarin wanda aka shaƙe da wayar makirfo. Sai ƙarfe a kan nama, sau uku. Sai Kunne ya yi wata ƙara, ya fizge, aka ji kan Dogo ya gwaru da sifika.

Baba ya cire abin sauraren. Dogo ya zabura zai fita, tsohon ya cakumi kwalarsa ya maka shi da ƙofa.

"A shagona za ka yi min ƙarya da jini a fuska? Ke, kira 'yan sanda!"

Dogo ya tafi gidan yari, amma kunnen hagun Kunne bai sake ji ba. A gadon asibiti Kunne ya juya mata baya.

"Ki haƙura da ni, Injiniya. Wa zai ɗauki mai sauti da kunne ɗaya?"

Hawaye ya zubo mata. Ta zagaya dama, inda zai ji ta sosai.

"Matsa min. Na hagun ni ce."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Baba da kansa ya riƙe makirfo, ya dubi Kunne: "Na so in zalunce ka, ɗana, ka yafe min. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Tun daga ranar, duk taron da aka kira Kunne, kujera biyu ake ajiyewa bayan mikisa, tata a hagu.