Kartar da Ke Ƙarƙashin Kwano

Da hantsi wata mata ta shigo komisariyar 'yan sandan Birnin Konni tana janye da hannun rigar wani ƙato, kamar mai kai rago kasuwa. Ba ta ko dubi ɗan sandan ƙofa ba, sai gaban teburin Sufeto Abarshi.

"Shef, sunana Gimbiya, daga Badaguishiri. Wanga ƙanena Rabo. Jiya na ba shi injin ban-ruwana shi kawo gyara, ya komo min hannu wofi. Wai an sace."

Injin nan shi ne abin da mijinta ya mutu ya bar mata. Albasarta ta fara yin kai, kuma in ta ƙara kwana biyu ba ruwa, sai dai a kora awaki ciki. Da ita take ciyar da marayunta.

Abarshi mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf. Abokan aikinsa kan ce ko tuwo aka ajiye masa sai ya ji wadda ta daka hatsin. Ya gyara zama ya dubi Rabo.

"Ina anka sace shi?"

"Tasha, ranka shi daɗe. Na aje shi gindin mota, na tahi sallar la'asar."

"Wace mota?"

"Wata... fara."

"To, madalla. Ba ni katinka na ɗan ƙasa."

Rabo ya sa hannu aljihu ya zaro katin, sai ga karta huɗu sun biyo shi sun zube a ƙasa. Abarshi ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu jajaye ne, dukkansu masu zanen zuciya.

"Bisa hanya na tsince su," in ji Rabo.

"Lalle hanyar nan ta iya zaɓe."

Ya sa aka zaunar da Rabo a benci, ya ce wa Gimbiya ta jira shi, ya hau babur ɗinsa.

Makanikin tasha bai wahalar da shi ba. Ya ce jiya ya gama gyaran tun kafin azahar, Rabo ya saɓi injin, amma bai nufi motocin Badaguishiri ba. Baya ya zagaya, wajen rumfar Baba Takama mai shayi.

Baba Takama dattijo ne mai farin gemu da tasbaha a wuya, irin wanda ake ba ajiya ba a neman shaida. Ya shimfiɗa wa Sufeto tabarma, ya ɗaga buta sama kusan kafaɗa, ya tsiyayo shayi siriri cikin ɗan kofi. Ko ɗigo bai faɗi gefe ba.

"Caca? Nan? Ɗana, ni da shayi na kai hurhura."

A kusurwa akwai kwano cike da murafun kwalbar lemo. Abarshi ya ɗebo ya duba. Kowanne an huda shi da ƙusa a tsakiya.

"Jikoki ka wasa da su," in ji tsohon.

"Jikokin nan suna da haƙuri. Wa ka zama nan da rana, Baba?"

"Direbobi. Su Bawa."

Bawa direban babbar mota ne mai zuwa Kwatano. Abarshi ya same shi kwance ƙarƙashin motarsa yana ɗaure wani abu. Da farko ya ce bai san wani Rabo ba. Da ya ga kartar nan huɗu sai ya fito, ya goge hannu, ya yi dariya.

"Ashe wurinai suke! Shi ya gurgunta muna karta. To, Shef, tunda ka gani, mun yi wasa. Na cinye shi, kuma da gaskiya na cinye shi."

"Koya min wasan."

Ba dabarar aiki ba ce, da gaske yake son ya sani. Bawa ya tsuguna ya zana masa a ƙasa. Foka sunan wasan, daga bakin teku direbobi suka kawo shi. Ana raba wa kowa karta huɗu, a zuba, sannan a ba da ta biyar. Mai biyar iri ɗaya yakan kwashe. Ba a ajiye kuɗi a tabarma saboda irin su Sufeto, sai murafun kwalba, kuma wurin Baba Takama ake sayensu. Wanda kuɗinsa suka ƙare yana iya ba tsohon kaya jingina. In ya ci, ya mai da murafu ya ɗauki kayansa. In an cinye shi, kaya sun zama na Baba, shi kuwa ya biya wanda ya ci ɗan abin da ya yi wa kayan kuɗi.

"Ƙaƙa ya yi wa injin kuɗi?"

"Kuɗin tsohon keke."

"Rabo ya zuba murafun duka?"

"Duka, ko ɗaya bai rage ba. Ni kaina na yi mamaki, don mutumin ga tun da munka zauna kaɗan-kaɗan yake sawa, awa mai ba kaji tsaba. Yana turawa sai anka tada iƙamar la'asar."

"Kunka yi ƙaƙa?"

Bawa ya dube shi kamar ya yi tambayar banza. "Munka tahi salla mana. Kowa ya sa kartarshi aljihu, Baba ya kihe sauran da kwano. Haka mukan yi kullum."

Abarshi ya danne dariya. Ya sha ganin 'yan caca, amma bai taɓa cin karo da waɗanda jam'i ba ya wuce su ba.

"Kuma ranar da kake sauri," Bawa ya ci gaba, "ranar liman ya tashi raka'a ta biyat. Muna ta subhanallahi, da ƙyar ya zamna. Anka sallame, anka yi ba'adi. Da munka komo Baba ya buɗe kwano ya jefa ma Rabo tashi. Baƙa. Mutumin ga ya miƙe awa wanda anka kira, ko takalmi sai da anka bi shi da su."

A hanya abu ɗaya ke cin Abarshi. Manomin da ke lissafin kowace ƙwayar iri ba ya tura injin yayarsa a kan kartar da ba ta zo ba. Masu zuciya ba su da yawa a cikin abin da ya rage, ko ɗan koyo ya san baƙin ciki ya fi kusa. To me ya ba Rabo wannan ƙarfin hali?

Da ya koma, ya shigar da Rabo buro, wato ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya jera masa kartar a tebur.

"Na san komi, ban da abu guda. Mi ya sa ka zuba duka?"

Rabo ya dubi kartar.

"Na gan ta, ranka shi daɗe."

"Ka ga mi?"

"Kartar bisa. Hannun Baba na rawa, tsuhwa. Da zai aje su, ta bisa ta ɗan karkato wajena. Ja ce, mai zuciya. Na ce wagga ba caca ba ce, ɗauka ce kawai. Na ce in komo ma Yaya da inji da kuɗin taki." Ya share fuska. "Wa zan kai ma ƙara? In ce na leƙa, kuma abin da na leƙa ya sauya?"

Abarshi ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa. Sai shayin nan ya faɗo masa a rai, yadda ya sauko daga sama siriri bai karkace ba.

Bayan azahar ya tara su a rumfar, har da Gimbiya, da 'yan sanda biyu a bakin ƙofa. Ya roƙi Baba Takama ya ƙara masa shayi. Tsohon ya ɗaga buta ya tsiyaya.

"Hannunka lahiya lau, Baba. Jiya an ce yana rawa."

"Yakan zo, yakan tahi."

"Haka ne. Jiya ka yi la'asar cikin jam'i?"

"Ban taɓa rasa ta ba. Sahun baya nike, bakin ƙohwa."

"Har anka sallame?"

"Har anka sallame."

"Daga sallama sai mi?"

"Sai addu'a, kowa ya kama gabanshi."

"Liman bai yi wani abu ba?"

"Ya ja sura mai tsawo."

Bawa ya saki baki. "Sura, Baba? A la'asar wa ya ji sura? Mutum ya tashi ta biyat, masallaci duka na subhanallahi, munka yi ba'adi, kai kana ina?"

Butar ta fara kaɗawa a hannun Baba Takama, wannan karon ba da niyya ba. 'Yan sanda suka ɗaga tarin tabarmi a bayan rumfa. Ga injin nan an naɗe shi da buhu, yana jiran motar da za ta tsallaka da shi iyaka.

"Da anka kabbarta na zame," in ji tsohon a hankali. "Na ɗaga kwano, na mai da jar ƙasa. Ni na nuna mai ita da gangan. Baƙo in bai ga ƙohwa buɗe ba, ba ya kawo kayanshi."

Aka sa masa ankwa. Bawa ma aka ce ya biyo su, ya yi bayanin wasansa gaban komisa. Har sun kai ƙofa, ƙwaƙwaf ɗin Abarshi ya motsa.

"Bawa, kai mi ke hannunka jiya? Ba wanda ya hwaɗa min."

"Ba wanda ya tambaya. Sarki huɗu."

"Sarki huɗu da zuciya biyat, wa ka ci?"

"Sarki huɗu, Shef. Ko jar ta zo, ni ka kwashewa."

Baba Takama ya dubi ankwar da ke hannunsa, ya dubi kwanon, sannan aka fita da shi. Rabo kuwa ya zame ya zauna a ƙasa. Tun jiya yake riƙe da abu ɗaya, cewa cutarsa aka yi, yanzu shi ma an karɓe.

Abarshi ya ce wa Gimbiya ta ɗauki kayanta, sa hannu a takarda ya jira wani zuwan, motar Badaguishiri ba ta jira. Rabo ya yi wuf ya tashi ya kama injin zai saɓa.

"Aje," in ji Gimbiya.

"Yaya, da nauyi."

"Na sani. Aje."

Ta kwance ɗankwalinta ta naɗa gammo. Abarshi da kansa ya kama mata ta ɗora. Ta fita ta nufi tasha, wuyanta na sagewa, ba ta waiwaya ba. Rabo ya bi ta a baya, hannunsa ba komai.