Aikin Da Aka Ce Ba Auta Ta Rubuta Ba

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, tana tsaye a gaban aji, takarda a hannunta. An ce ta gabatar da aikinta, murya ta maƙale. Shi ɗalibin shekarar ƙarshe ne, yana taimaka wa sababbi a ɗakin koyon dabarun karatu da ke laburare. Ya tarar da ita a baranda tana share ido, ya ce ta zo ya nuna mata yadda ake yi.

Ta yi masa kallon sama da ƙasa, ta tambaye shi me zai samu.

"Lada," in ji shi. "In kuma kin iya, na huta da jin tausayinki."

Abokiyar ɗakinta ta ja mata kunne, wai haka yake yi wa kowace sabuwa. Duk da haka Auta ta je, amma ta zauna kusa da ƙofa. Ya sa ta karanta sakin layi ɗaya, ta rufe littafi, ta faɗa da bakinta. Ya sa ta ɗauki muryarta a waya ta saurara, ta ce wannan ba ita ba ce, akuya ce. Wani lokaci sai ya jera kujeru babu kowa, ya ce ta kalle su ta yi musu bayani. Tana jira ya kawo wata magana, bai kawo ba. Wannan ma ya dame ta.

Sai bayan jarrabawa saƙonsa ya shigo wayarta: "Malamata, yau na ji ki kina musu da ɗan ajinku. Ina neman izini in riƙa shan irin wannan musun har tsufa."

Ta rubuta: "Mutum nawa ka tura wa?"

"Ke kaɗai. Zo ki duba wayar."

Ba ta duba ba, amma ta daina zama kusa da ƙofa.

A zangon gaba aikinta ya yi kyau har malaminsu ya yi shakka. Magana ta yaɗu cewa Dogo ne ya rubuta mata. Ta kai kunnen Baba, mahaifin Auta, ya ce ai dama bai yarda da darasin da saurayi ke ba budurwa kyauta ba, kada ya sake jin sunansa. Ita kuwa Auta ta ɗauka Dogo ne ya yi alfahari da bakinsa. Ya kira, ta kashe.

"Malamata, ban rubuta miki ko waƙafi ba," ya turo. "In na rantse za a ce kare ki nake yi. Na roƙi malamai su tambaye ki baki da baki."

Aka kira ta gaban malamai, Baba na zaune a waje, ƙofa a ɗan buɗe. Aka fara yi mata tambayoyi. Ta faɗi inda ta samo kowace hujja, da abin da ya sa ta ƙi yarda da wani marubuci. Wani malami ya yi mata gardama, ta mayar masa cikin ladabi. Suka wanke ta. A nan ta ji cewa abokiyar ɗakinta ce ta kai ƙarar, ashe ta daɗe tana son Dogo.

Da ta fito, Baba ya daɗe yana kallonta. A gida ko gaisuwa sai an kasa kunne ake jin ta.

"Ina yaron?" ya ce.

Duk da haka sai da ya sa yayanta ya bi diddigin Dogo, gidansu da abokansa, kafin ya ce ya turo magabatansa. Auta ta nemi afuwa, Dogo ya ce ya yafe, amma ta sake faɗa da ƙarfi, na baya ba su ji ba.

Bayan ta gama karatu aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita, Baba ya dafa kanta, ya riƙe hannun Dogo, ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Duk gidan suka amsa da amin.