Mai Labule a Saman Shafi

Ni da nake ba ku wannan labari ban taɓa zama a aji ba, amma gobara ta ci kasuwa ina ciki na fito, ruwa ya tafi da gada ina kai na fito, likita ya ce a kira dangi na tashi na nemi abinci. Na ga masu wayo da yawa sun wuce ta gaban bencina, inda nake gyaran takalma a ƙofar benen shaguna, kuma yawancinsu na halarci jana'izarsu. Wannan kuwa mai shi ne ya zauna kusa da ni ya zazzage mini da bakinsa.

Mai Labule ake ce masa. Shagonsa na can sama, ƙarshen lungu, dab da banɗaki, inda mai saye ba ya kaiwa sai in ya ɓata hanya. Hannunsa na da kyau. In ya yi wa taga labule sai ka rantse ɗakin ya ƙara faɗi. Ya buɗe wa shagon shafi a intanet, ya zuba hotuna, ya zauna jira. Shiru. Kullum da safe yakan rubuta "labulen falo" a injin bincike, wannan da ake gaya wa abin da ake nema ya jero amsa, sai ya ga shagunan da ba su iya ko kalmasa baki ba sun cika gaba. Ya yi ta jan allon waya har yatsa ya yi tsami kafin ya hango nasa can ƙasa, shi kaɗai.

Akwai wata mai gyaran shafuka a hawan ƙasa. Ta duba nasa ta kwashe da dariya.

"Yayana, hotunan nan sun yi nauyi. Kafin shafinka ya buɗe, mai nema ya aurar da jikarsa. Sannan mene ne 'kayan ƙawa na alfarma'? Wa ke neman wannan? Mutane 'labule mai tare rana' suke rubutawa. Cire kalmominka, sa na bakin mutane. Ka roƙi waɗanda ka yi wa aiki su rubuta yabo, wasu shafuka su riƙa ambatonka."

"To yaushe zan hau sama?"

"Watanni. Ƙila shekara."

"Shekara! Ke da bakinki?"

Abu ɗaya kawai ya ɗauka daga wurinta: kalma kaya ce, ana cire wata a sa wata, ba a yi asarar komai ba.

Direban da ke kawo masa yadi ne ya kwatanta masa boka. Da rana tsaka ya je, bayan tashar mota, wani tsohon ɗakin injin niƙa da aka daina amfani da shi. A waje rana na ƙona ƙeya, a ciki sanyi kamar rijiya. An rataye matattun wayoyi a igiya daga bango zuwa bango, fuskokinsu a farfashe, an shafa wa kowace jini ya bushe. A tsakar ɗakin akwai madubi kwance a ƙasa, kan jemage a kowace kusurwa, da baƙin tulu mai ƙaramin baki. Bokan siriri ne, tsaf da shi kamar ma'aikacin banki, sai dai ba ya ƙifta ido.

"So kake a gan ka," in ji shi, tun kafin baƙon ya zauna.

"So nake duk wanda ya nema, ni ya fara samu."

"Duk wanda ya nema?"

"Duk."

"Ka faɗa da bakinka."

Mai Labule ya gyara zama. "Amma ka ji, ranka ya daɗe, ba na ba da jini. Ina da tsohuwa, ina da mata da 'ya ɗaya. Ba a taɓa mini su."

"Wa ya tambaye ka jini? Me tsohuwarka ke kiranka?"

"Babana. Sunan mahaifinta aka sa mini."

"'Yarka fa?"

"Abba."

"Matarka, in ba kowa a ɗakin?"

Ya yi ɗan murmushin kunya. "Dogo."

"Su nake so. Ka zuba mini su a tulun nan, ni kuma in sa sunanka a bakin duniya."

"Kalmomi kawai?"

"Kawai."

Mai Labule ya ji kamar ya yi dariya. Shi da ya kwana biyu yana canza kalmomi a shafi, wannan ai ciniki ne na ɓagas. Ya durƙusa, ya kafa baki a tulun, ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta fita sai ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau, kamar an fitar da kujera daga ɗaki. Boka ya toshe bakin tulun da kakin zuma. Matattun wayoyin nan duka suka yi haske lokaci ɗaya, suka mutu.

Kafin mako ya zagayo, shafinsa ya hau sama ya zauna daram. Ka nemi labule, shi ne. Ka nemi zanen gado, shi ne. Wani ya rantse mini maganin ciwon haƙori ya nema, Mai Labule ya fito masa. Waya ba ta hutawa. Ya ɗauki teloli, ya karɓe shagunan gaba, ya sayi mota. Mai gyaran shafuka ta duba ta sake dubawa, ta ce ita dai ba ta ga dalili ba, ta daina bi ta ƙofarsa.

'Yarsa ce ta fara. Ya dawo da yamma da jakar kayan wasa, ya buɗe hannu kamar kullum. Yarinyar ta dube shi, ta ja baya, ta ɓuya a bayan zanen uwarta.

"Mama, wane ne wannan?"

Ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Matar ba ta yi dariya ba. Ta jawo mayafi ta rufe kai, ta ce cikin ladabi, "Sannu da zuwa, Malam. Maigidan bai dawo ba tukuna."

Ya nuna mata hoton aurensu a bango, ya tsaya a gefensa. Ta dubi hoton idonta ya ciko da ƙwalla, ta dube shi kamar an ajiye buhu. Ya faɗa mata abubuwan da su biyu kaɗai suka sani. Ta kurma ihu, maƙwabta suka fito. Su sun gane shi sarai, suka yi ta rantse mata, ita kuwa gani take an haɗa baki da ita.

Tsohuwar ta fi ban tausayi. Ta fitar da tabarma ƙofar gida ta zauna jiran ɗanta. Ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ni ne."

"Bawan Allah, ta hanyar kasuwa ka biyo? Ba ka ga yarona ba? Dogo ne, mai ɗinki. Bai taɓa kwana bai leƙo ni ba."

Ta daina cin abinci. Ta ce sai ya dawo su ci tare. Ranar da rai zai fita, shi ke riƙe da hannunta, shi ke ɗiga mata ruwa a baki, tana ta waige wajen ƙofa. Maganarta ta ƙarshe ita ce, "Allah ya saka maka, baƙo. In ka gan shi, ka ce na jira."

Daga maƙabarta ya wuce bayan tasha. Ɗakin bokan na nan, wayam, sai igiya da tabon madubi a ƙasa. Ya koma shago ya goge shafin da hannunsa. Washegari yana nan a sama. Ya kashe waya, ta ci gaba da ƙara. Ya daina yanka yadi, teloli suka watse, masu saye suka koma zagi, amma kira bai ragu ba. Dubban mutane na nemansa suna samu, shi kuwa yana kwana a kan tebur tsakanin labulayen da ba a karɓa ba. Wajena yake saukowa ya zauna, don ni ina gane shi. Ban taɓa ƙaunarsa ba, shi ya sa.

Wata safiya matar ta hawo benen, ƙafa duk faso, ɗankwali a karkace. Dangi sun riga sun ɗauke yarinyar, saboda uwar ta koma yawon tituna neman mijinta, tana tare motoci tana leƙa fuskoki. Ta yi sallama a ƙofar shagon mijinta, ta miƙa masa hotonsa da hannu biyu.

"Malam, an ce kai kowa ke gani a waya. Don Allah ka sa mini wannan a shafinka. Mijina ne, ya ɓata."

Ya karɓa. Ya sa hoton a sama, ya rubuta abin da ta faɗa. Nan take waya ta ɗauki ƙara, baƙi daga ko'ina suna dariya: ai ga shi nan, ai shi ne mai shagon! Ta zauna a kujerar masu jira, ta haɗa hannu a cinya.

"Wani ya gan shi?"

Ya dube ta ya ce, "Tukuna."

"To zan jira."

Har yau tana zuwa. Shi kuma yana tsaye a bakin taga da tsumman labule a kafaɗa, hankali ya gushe, yana ba iska amsa.

Ku masu gaggawar a gan ku, ku ji da kyau. Abin da zai zo da shekara, ku bar shi ya ci shekararsa. Boka ba ya karɓar abin da ba shi da daraja. In ya ce ƙaramin abu yake so, to ya fi ku sanin abin da kuka mallaka. Kwaɗayi ya kai Mai Labule saman shafi, kuma ranar da zai mutu, ba bakin da zai kira shi a yi masa kuka.