Mu Biyu Za Ka Ja

"Kada ka motsa! Don girman Allah, kada ka motsa!"

Muryar Auta har ta dishe saboda ihu. Tana durƙushe a kan tudu na ƙarshe da ƙafa ke iya takawa, gabanta fadama ce shimfiɗe, kore shar, gwanin sha'awa. Ƙarya ce! Ƙarƙashin ciyawar nan laka ce mai haɗiye mutum, ga shi kuwa ta haɗiye Malam har ƙugu.

Malam mai binciken tsirrai ne a lambun jami'a, ita kuma Auta ita ke zana masa duk ganyen da ya samo. Aiki ya haɗa su, soyayya ta shigo ba sallama. Tun farkon damina suke bin bakin kogi suna neman wani shuɗin bado da aka ce ya kusa ƙarewa a duniya. Kuma dokar aikin ɗaya ce: ba a shiga fadama sai an ɗaure ƙugu da igiya, kowa riƙe da ran ɗan'uwansa.

To, sakatariyar ofis, wadda ta daɗe tana yi wa Malam fari da ido yana kauda kai, ita ta kira Yayan Auta a waya ta ce masa ƙanwarsa ba zane take zuwa yi a daji ba. Munafuka! Yaya ya biyo sawunsu a fusace, ya tarar da su ɗaure da igiya ɗaya. Ai kuwa sai idonsa ya rufe.

"Kwance! Kwance shi yanzun nan! Daga yau kin gama da wannan mai yawon taɓon!"

Tana kuka ta kwance. Malam kuwa ya juya wajen fadamar. Ya dai dubi badon da suka hango ɗazu-ɗazun nan a tsakiyar ciyayi, ya ce, "Bari in tsinko miki shi, ko na bankwana ne." Bai kai gare shi ba ƙasa ta buɗe.

"Ban motsa ba, zuciyata," in ji shi yanzu, yana ƙoƙarin murmushi. "Ita ce dai take ja na a hankali..."

"Cire jakar! Yar da ita!"

"Samfurin da muka tara..."

"Ya ci ƙaniyarsa! Na ce ka yar!"

Ya zame jakar daga kafaɗa. Ɗan wannan motsin kaɗai, laka ta hau masa har ciki.

Yaya ya wurga igiya da duk ƙarfinsa, ta faɗi can nesa da Malam. Ya jawo ya sake wurgawa, ta maƙale a ciyawa. Ya ɗaga waya sama yana juyi, babu sabis ko ɗigo. 

"Ni zan shiga," ya ce, yana tuɓe takalmi.

"Yaya, ka fi shi nauyi. Taku ɗaya za ka yi ka nutse." Ta ɗauki bakin igiyar ta zagaya ƙugunta. "Ba a tafiya a kanta, rarrafe ake yi da ciki. Kuma wanda ya fi rashin nauyi shi ke zuwa."

"Ke? Kina hauka ne? Me zan gaya wa Mama?"

"Ka ce mata ka riƙe ni da kyau."

"Kada ki zo!" Malam ya ɗaga murya. "Yaya, ka hana ta! Na roƙe ka!"

Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta danƙa wa Yaya ɗaya bakin igiyar, ta ɗauki gorar da suke gwada zurfi da ita, ta kwanta rub da ciki. Wayyo, sanyin lakar! Wari ya bugi hancinta, ruwa ya jiƙa ta har wuya, ciyawa na yankar hannunta. Ƙasar na lotsawa a ƙarƙashinta tana dawowa kamar tsohuwar katifa. Tsoro take ji, tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta, amma tsoron rasa shi ya fi.

"Sako igiya, Yaya!"

Ya sako. Da hannunsa, kaɗan-kaɗan, yana tura ƙanwarsa wurin mutumin da ya zo raba ta da shi.

Laka ta kai wa Malam ƙirji. Numfashinsa ya fara yin sama-sama.

"Koma, masoyiyata... ki koma, ba za ki iso ba..."

"Rufe min baki. Kwantar da bayanka, ka buɗe hannuwa. Ba kai ka koya min ba?"

"Ni ne..."

"To ka yi abin da ka koya min!"

Ta tura gorar. Saura ƙiris ta taɓa yatsunsa. Ta ƙara matsawa, sai ji ta yi gwiwarta ta dama ta burma, laka ta cafke ta har cinya. Ta ƙwalla ƙara.

Nan take igiyar ta ɗaure tamau. Yaya ne yake ja. Yana jan ta baya, ita kaɗai, gorar na nisa da hannun Malam.

"Yaya, tsaya!"

"Ba zan tsaya ba! Ba zan rasa ki ina kallo ba, Auta!"

"Haka ne, ja ta!" in ji Malam, hawaye na bin fuskarsa. "Ja ta, Yaya, Allah ya saka maka!"

Kai, maza! A nan ne suka ga damar haɗa baki.

Auta ta kai hannu kan ƙullin da ke ƙugunta. Ta waiwayo ta dubi yayanta ido cikin ido, muryarta ta sauka ƙasa, amma ya ji kowace kalma.

"Wallahi in ka ƙara ja, zan kwance. Mu biyu za ka ja, ko ka ja igiya ita kaɗai."

"Auta..."

"Ka san ni, Yaya."

Ya san ta kuwa. Shi ya goya ta. Ya tsaya, ya runtse ido, sannan ya saki igiyar ta yi sako-sako.

Ta zaro ƙafarta da ƙyar, takalmin ya tsaya a ciki. Ta ja jiki gaba, ta tura gorar, Malam ya damƙe ta da hannu bibbiyu.

"Na riƙe... na riƙe, rabin raina!"

"Yanzu, Yaya! A hankali! Kada ka fizga!"

Yaya ya naɗe igiyar a hannu, ya kafa diddige a gindin wata bishiya, ya ja. Lakar ta ƙi saki. Igiyar ta datse ƙugun Auta har ta ga duhu-duhu, kafaɗunta kamar za su ɓalle, amma ba ta saki gorar ba. Tana kiran sunan Allah, Yaya na kiran sunan Allah. Can sai lakar ta yi wani ƙara mai muni, ta amayo shi kaɗan. Sai kuma kaɗan. Har suka iso tudu, suka zube su uku, ba wanda ake ganewa a cikinsu.

Kowa sai haki yake.

Yaya ya buɗe tafin hannunsa. Fata ta sale, jini na gauraya da taɓo. Malam ya rarrafo ya durƙusa gabansa.

"Yaya, ban san da bakin da zan..."

"Kada ka gode min. Ni so na yi in bar ka." Ya goge ido da gefen hannu. "Na ja ta ita kaɗai da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, ta ƙi jawuwa. Ba ni da sauran ƙarfin sake gwadawa."

Auta ta kifa kai a kafaɗar yayanta ta fashe da kuka, laka na ɗiga daga gashinta.

"Ka zo gida ka ga Baba," Yaya ya ce, hannunsa mai jini a bayanta. "Ni zan fara shiga in yi magana."