Ranar da Kofin Jibi Ya Ɓace

Da sassafe ranar Lahadi Fasto ya buga waya ofishin 'yan sanda, ya ce an sace kofin azurfa na Jibin Ubangiji, wanda masu bi ke sha da shi a sujada. Sufeto ya bar shayinsa ko rabi bai sha ba, ya ɗauki Kofur, suka nufi cocin da ke maƙale tsakanin shagon walda da kantin magani.

Sun tarar jama'a sun riga sun yanke hukunci. Dogo mai gadi na zaune a ƙasa, an yi masa zobe. Tsohon ɗan kurkuku ne, Fasto ya tsaya masa aka ba shi gadi. Makon jiya aka yi masa baftisma, yau zai fara cin jibi. In laifin ya hau kansa, sai ya koma inda ya fito.

"Mai hali ba ya fasa halinsa," in ji Dattijo, babba a dattawan cocin. "Tun farko na faɗa, an ba kura ajiyar nama."

Sufeto mutum ne da ba ya son shari'ar da ta dahu kafin ya iso. Ya wuce ɗakin da ke bayan mimbari. An ɓalle kwaɗon kabad, amma farin ƙyallen da ake rufe kofin yana ninke tsaf, gicciyen da aka ɗinka a jikinsa yana sama.

"Wa ya ninke wannan?"

"Haka muka same shi," in ji Fasto. "Haka masu raba jibi suke ninke shi."

"Ɓarawo mai ladabi ke nan, oga," in ji Kofur.

Sufeto ya ja Dogo gefe. "Jiya da yamma ina kake?"

"Ina bakin ƙofa, ranka ya daɗe."

"Mai walda ya ce ƙofa ta daɗe ba kowa."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Wurin tela na je, karɓo farar rigar da zan sa yau. Tsoron kora ne ya sa na ɓoye."

Kofur ya leƙa ɗakin gadi. Ga rigar a rataye, ko zaren tela ba a tsinke ba.

Sufeto ya sake duban Dogo. "Ka taɓa yi wa wani a cocin nan laifi?"

"Shagon Baba Dattijo na fasa, shi ya kai ni kurkuku. Na roƙe shi gafara a gaban jama'a, ya ce ya yafe."

A cikin coci Sufeto ya tarar da matar Fasto na jera ƙananan kofunan roba a kan faranti.

"Mama, kun yi saurin samun madadi."

"Allah ya saka wa Baba Dattijo, ɗana. Mu kofi ɗaya muke sha tun fil'azal, sai ga shi jiya da yamma ya kawo waɗannan, ya ce ko za a buƙata."

"Yaushe aka gano satar?"

"Yau da safe mana." Sai hannunta ya tsaya cak a kan farantin.

Sufeto ya sami Dattijo kusa da motarsa. "Baba, ashe har da baiwar annabci kake da ita?"

"Ban gane ba."

"Ka kawo magani tun ciwo bai zo ba."

"Kyauta ce kawai na yi wa coci."

"To, buɗe mana bayan motar."

Kofin na ciki, an naɗe shi da sabon tawul don kada ya ƙuje. Dattijo ya jingina da motar, ya ce:

"Shekara da shekaru ni nake riƙe kofin nan. Baki ne ya yafe, zuciya ba ta bi ba. Na kasa sa bakina inda Dogo zai sa nasa. Amma ban so jama'ar Allah su rasa jibi saboda ni ba."

"Jama'a ka tausaya wa, shi kuwa ya koma kurkuku ko?" in ji Sufeto.

Fasto ya sauke ajiyar zuciya, ya rungume kofin kamar jariri. Daɗi ya kama shi, kunya ta kama sauran, zoben da aka yi wa Dogo ya watse ba wanda ya ce a watse.

Kofur ya sa Dattijo a motar 'yan sanda. Dogo ne ya buɗe musu ƙofa, aikinsa ne. Da suka zo wucewa sai ya sunkuyo ta taga.

"Baba, in ka dawo, kai za ka fara sha. Ni zan jira ƙarshe."

Dattijo ya rufe fuska da hannu biyu. Ƙararrawar sujada ta kaɗa, Sufeto ya hango Dogo ta madubi yana gudu zuwa ɗakin gadi ya sa farar rigarsa.