Rijiyar da Aka Cike Don 'Yan Kokawa

Rana ta faɗi, ladan bai kira magariba ba tukuna. Tasalla na kwashe tuwo a tsakar gida lokacin da jifa na farko ya sauka a kan kwanon ɗakin maigidanta. Ta ɗauka yaran unguwa ne ke harbin tsuntsu. Na biyu ya biyo baya, wani kuma ya faɗo gab da murhu har toka ta tashi. Ta sunkuya ta ɗauka. Ba dutse ba ne, guntun bulo ne na siminti, jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga ruwa, alhali ana tsakiyar rani.

Maigidan, Armaya'u, ɗan kasuwar wake ne a Batsari. A shekarun nan da kuɗin mai ya fara kwararowa, aka ba garin karɓar gasar kokawa da dambe ta gundumomin yamma, shi aka ɗora a kan kwamitin shiri. Abin da hukuma ta bayar bai isa ba, sai aka yanka wa kowa gudunmawa. Mutanen Wagini suka kawo dawa, na Tsaskiya suka kawo awaki, makiyaya aka karɓi shanu a hannunsu. Fili kuwa, babu shimfiɗaɗɗen wuri sai na bayan gari, inda akwai tsohuwar rijiya da tsamiya a bakinta. Nan matan unguwa ke ɗiban ruwa, nan wani dattijon Bafulatani mai suna Yero ke shayar da garkensa. Yero ya zo har zaure ya roƙa a bar rijiyar. Armaya'u ya ce masa manyan baƙi za su zo daga Katsina, ba a kokawa a bakin rami. Ya ƙara da cewa bayan biki za a haƙa sabuwa, an ma riga an sayi simintinta. Aka sare tsamiya, aka cike rijiya.

An yi gasa, an sha kiɗa, masu tsire da masu fura sun yi ciniki. Baƙi suka watse. Tumfafiya ta cinye filin, sabuwar rijiya kuwa ba a sake zancenta ba. Mata suka koma tafiya rafi mai nisa da tuluna, Yero ya kora shanunsa wajen Safana. A gidan Armaya'u aka tashi da sabon ɗaki na bulo mai rufin kwano. Kowa ya gani, ba wanda ya tanka.

Tun daga yammacin da Tasalla ta tsinci guntun bulon nan, jifa bai fasa ba. Da zarar duhu ya fara sauka sai a ji shi, wani lokaci kuma a ji ƙarar guga tana bugun ruwa a ƙarƙashin tsakar gida. Sai abin ya koma kan Hansai, babbar 'yar Armaya'u, yarinya mai kunya da ba ta ko haɗa ido da manya. Ta daina cin abinci. Takan zauna ta jingina da bangon sabon ɗakin, ta shanye ƙwarya guda ta ruwa, ta miƙo ta ce ƙishirwa take ji, da muryar tsohuwa wadda ba tata ba.

Armaya'u ya hana a faɗa wa kowa. Amma ƙarar kwano ba ta ɓoyuwa. Da Tasalla ta durƙusa gabansa tana kuka, ta ce ko ya nemo taimako ko ta fita da kanta, sai ya hau babur ya ɗauko Malam Salmanu daga Safana, tsoho mai ƙarancin magana wanda aka sani da aikin cire aljanu.

Bayan sallar magariba malam ya zauna a kan buzunsa, yarinyar na gabansa. Maƙwabta sun cika zaure, mata sun tsaya a bakin danga. Ya daɗe yana karatu a hankali, yana tofi. Can Hansai ta ɗago kai, ta zuba masa ido ba ƙiftawa.

"Wace ce ke, baiwar Allah?" in ji malam.

"Ni ce ta gindin tsamiya."

Ta ce tana wurin tun kafin a kafa bukkar farko a unguwar, ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ruwan da ke zuba daga guga shi take sha ita da 'ya'yanta. Da aka sare gidanta ta haƙura, don ta ji da kunnenta an ce za a gina wata rijiya.

"Na jira. Da na gaji, na bi simintin har na ga inda ya kwana."

Hannun Hansai ya miƙa baya, ya shafa bangon ɗakin.

A zaure wani ya yi gyaran murya. Armaya'u na tsugune a gefe, kansa a ƙasa, gumi na bin wuyansa.

Malam ya tambaye ta abin da take so. Ta ce a yanka mata baƙin sa, a bar mata yarinyar shekara guda. Ya ce ba a yanka don wanin Allah, yarinya kuma ba ta ci na kowa ba.

"Matan da ke tafiya rafi da goyo, su na wa suka ci?"

Malam ya ci gaba da karatu har jikin yarinyar ya fara rawa, muryar ta nemi sassauci. Suka tsaya a kan cewa za a tone tsohuwar rijiya kafin faɗuwar damina, daga aljihun maigida, kuma shi zai fara sa hannu da rana tsaka.

Malam ya juya. "Armaya'u, ka ji?"

"Na ji, Malam," ya ce, da ƙyar aka ji shi.

Ta gindin tsamiya ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba. Hansai ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, barci ya ɗauke ta.

Washegari Armaya'u ya tuɓe babbar riga a tsakiyar filin kokawa, ya kama diga. Masu wucewa suka riƙa ce masa sannu da aiki, ba ƙari. Da ruwa ya fito, Yero ya dawo da shanunsa. Ya yi wa Armaya'u doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali da mai jiki, ya ajiye masa ƙwaryar nono. Bai ambaci komai ba. Da ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Hansai ta warke sarai, ba ta tuna ko kalma ɗaya, ba kuma wanda ya gaya mata. Sai dai duk sanda ta durƙusa ta kai wa mahaifinta ruwa, yakan karɓa yana kallon ƙasa. Wata rana suna tankaɗe, ta dubi uwarta ta ce, "Inna, wai wane laifi na yi wa Baba ne?"

Tasalla ta ci gaba da kaɗa rariya, ba ta ɗago ba.